Ƙarƙashin Kwalta a Portvarna

Jirgin ruwan masu yawon buɗe ido ya fi ƙarfin tasharmu ta Portvarna. Can nesa yake tsayawa, ƙananan jirage su dinga jido mutane cikin yayyafi. A bakin gaɓa Orla McGinley ke tarbarsu da lema tana rarraba su: masu son ganin duwatsun bakin teku su hau bas na farko, masu son kallon kare yana kora tumaki su hau na biyu, masu zuwa masaƙar ulu su bi ta a ƙafa.

Ran nan wata tsohuwa mai sanda ta ce ba ta son ko ɗaya. Orla ta yafito Cathal Dorrian, mai tasi, wanda ke jiran ragowar fasinja.

"Cathal, ga rabonka. Ta ce ba ta son dutse, ba ta son kare."

"To ni take so ke nan."

"Kai da karen ma ya fi ka kasuwa? Buɗe mata ƙofa."

Tsohuwar ta zauna gaba. Harshenta na Amurka ne, amma can ƙasa ana jin maganar garinmu.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Ɗan Hughie Dorrian, Mama."

"Hughie mai kunnuwa? Ajinmu ɗaya. Ni ce Sadie Breslin. Yana nan?"

"Ya rasu da jimawa."

"Allah ya jiƙansa. Kai ni Filin Jarirai, ɗana."

Cathal ya riƙe sitiyari bai ta da mota ba. A da, jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba a kai shi maƙabartar coci. Uban ne ke ɗaukarsa shi kaɗai, ya je wani fili a saman duwatsun ya binne, ba addu'a ba suna. Da jirage suka fara zuwa aka rasa inda bas-bas za su tsaya, hukuma ta baje filin ta zuba kwalta. Shi kansa Cathal nan yake ajiye motarsa duk ranar jirgi.

Ya ja motar a hankali yana neman ta inda zai fara. Ita kuwa sai labari take. Tana amarya ta haifi ɗiya mace, ko kuka ba ta yi ba. Mijinta Con ya sa ta a akwatin man shanu ya fita da ita, ita tana kwance, ba wanda ya nuna mata fuskar. Shekara ta zagayo suka tafi Boston. Con bai taɓa tada zancen ba sai bara, yana kan gadon asibiti: jikin katangar dutse, in ji shi, kusa da wani farin dutse, wajen teku.

"A zuciyata Una na raɗa mata suna," in ji ta.

"Mama, wurin ya canza fa."

"Ai komai ya canza. Ni dai nuna mini katangar."

Babu katanga. Bas uku ne a jere, da motar mai sayar da kofi, da bayan gida na roba. Sadie ta fito ta dogara sanda, ta dubi teku, ta dubi fararen layukan da aka zana a kwalta. Ta taka zuwa gefen da ke fuskantar teku ta tsaya, ruwa na sauka a kanta.

Wani bas ya shigo yana son wurin, direban ya danna hon. Packie ne, abokin Cathal.

"Cathal, janye kakarka mana, ina da mutane."

"Je ka tsaya a titi."

"A titi? Kanka ɗaya kuwa?"

Cathal ya matsa jikin tagar ya faɗa masa magana ƙasa-ƙasa. Packie ya kashe hon, ya ja da baya.

Sadie ta zaro wata 'yar farar hula ta jarirai daga jaka, saƙar hannu. Ta duƙa kamar za ta ajiye, ta ga ruwa da baƙin mai na gudu a kan kwaltar, ta miƙe da ita a hannu. Wasu mata biyu daga jirginsu suka gane ta, suka zo suna dariya, suka miƙa mata waya ta ɗauke su hoto da teku a bayansu. Ta cusa hular a aljihu ta ɗauke su.

Da suka koma gaɓa ta juyo ta dubi Cathal.

"Kun san da su a ƙasa lokacin da aka zuba kwaltar?"

"An sani, Mama."

Ta gyaɗa kai ta fita. Cathal ya riƙe mata hannu har ta shiga ƙaramin jirgin. Ta zauna ta ba garin baya.

Da yamma ya biya gidan mahaifiyarsa, ya same ta tana fere dankali, ya ba ta labari.

"Sadie ta dawo ashe," in ji ta.

"Inna, me ya sa ba wanda ya hana su?"

"Wa zai tashi a taro ya ce nasa na ciki?" Ta jefa dankalin a tukunya. "Kai ma yayanka na kwance a can. Miƙo mini gishiri."