Layin da Ba Ya Cikin Kwangila

A babban zauren taro kowa Injiniya yake ce masa, kuma ba a tuna shi sai intanet ya tsaya. Ɗakinsa yana bayan dandamali, ba taga, sai na'urori masu ƙyafta koren ido da kujerar da ƙafarta ɗaya ke kan kwali. Nan yake cin abinci, nan yake salla.

Wannan karon taron masu haɗa magunguna ne. Tun da safe ya ja wayoyi ƙarƙashin kafet, ya manne su da salatif, ya buɗe layin intanet na baƙi da na 'yan jarida. Sannan ya yi abin da yake yi a kowane taro ba da sanin kowa ba, ya buɗe wani ƙaramin layi mai suna Gidanmu, da kalmar sirrin da suke amfani da ita a gida tun matarsa tana raye. Waya ba ta da riƙo irin na mutum. In ta taɓa sanin layi, ko bayan shekaru ta ji shi, da kanta take kamawa.

Wayar 'yarsa yake jira ta kama layin. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Mamana. Ranar da uwarta ta rasu a asibiti ta yi ta kiransa, shi kuwa yana durƙushe a wannan ɗaki yana gyaran layin wasu masu jawabi, wayarsa a kashe. Bayan sadakar arba'in ta kwashe kayanta, ta canza lamba. Aurenta ma a bakin mutane ya ji. Kewarta ta cinye shi, amma bai san ƙofar da zai buga ba.

Kullum sifili allon kwamfutarsa ke nunawa a gaban Gidanmu, ba wayar da ta kama. Yau ana cikin jawabi na biyu ya ga ɗaya.

Ya goge tabarau, ya sake dubawa. Na'urar da ke kusa da ƙofar baya ce ta kama wayar. Sai ga oba-obarsa ta yi ƙara, Hajiya mai shirya taron ce.

"Injiniya, kana ina? Layin baƙi ya cushe, mutane sai tsaki suke!"

"Ina zuwa, Hajiya."

Ya ajiye oba-obar a kan kujera, ya bi ta cikin zauren yana leƙa fuskokin mata kamar wanda akuyarsa ta ɓata a kasuwa. Ba ta nan. A layin ƙarshe dai wani saurayi mai gilashi yana ta murmushi da wata tsohuwar waya mai jan murfi, tsage a gefe. Injiniya ya san tsagin, a kan matakalar gidansa aka yi shi.

"Baba, ku ne masu intanet?" in ji saurayin. "Abin mamaki, na kowa ya tsaya, nawa kuwa gudu yake."

"Wayarka ce?"

"Ta maiɗakina ce. Tawa ta faɗa ruwa, ta ara mini tsohuwarta. Da ita za mu zo, to ta haihu, tana jego."

Injiniya ya dafa bayan kujera. "Me aka samu?"

"Mace. Sunan mahaifiyar maiɗakin nawa aka sa, Allah ya jiƙanta." Ya juyo masa da hoton, wata 'yar jaririya cikin farin tawul, ta dunƙule hannu. "Ni wannan Gidanmu ɗin ne ban gane ba. Da za ta ba ni wayar cewa ta yi in goge duk abin da na ga dama, amma in na taɓa wannan, ni da ita ne."

Injiniya ya dubi saurayin. Surukinsa ne a gabansa, yana ce masa Baba irin wanda ake ce wa kowane tsoho a hanya.

"Allah ya raya," in ji Injiniya. "In ka koma, ka ce mata ya kama. Ka ce a zauren taro ya kama, za ta gane."

Ya koma ya saki layin baƙi, ya sha faɗan Hajiya. Daga nan ya zauna yana kallon ɗayan nan da ke gaban Gidanmu har la'asar, lokacin da aka tashi, motoci suka fara fita, ya koma sifili.

Masu shara suka shigo, aka naɗe kafet. Ya kashe layin baƙi, ya kashe na 'yan jarida, ya bar Gidanmu a kunne. Sai ya ciro wayarsa, ya ƙure mata ƙara, ya ɗora ta a kan gwiwarsa, ya zauna.