Ranar da Folorunsho Ya Rufe Shago

Alhaji Munzali ya yi zango uku a majalisar wakilai ta tarayya, kuma ba a taɓa kawo wani sabon abu ya ce to ba. Mutumin Argungu ne, ɗan ra'ayin riƙau na gasken gaske, wanda ko ɗinkin hularsa bai yarda a sauya ba. Yanzu ya tsufa, yana zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, 'yan fadanci sun watse, sai shi da rediyo. Wata Talata matarsa Hajiya Asiya ta shaida masa cewa Folorunsho zai rufe shago gobe ya koma kudu gaba ɗaya.

Folorunsho Bayarabe ne mai sayar da kayan injin ban-ruwa a unguwar Nassarawa, shekararsa arba'in a Birnin Kebbi. Shi ya riƙa ɗaukar Munzali a tsohuwar a-kori-kurarsa lokacin takarar farko, tun ba wanda ya san sunansa. Daga Ambursa har Argungu suka bi fadama, Folorunsho na gyara wa manoman shinkafa inji, Munzali na tsugune a gefe yana roƙon ƙuri'a. Su ci gasasshen kifi a bakin gulbi, mota ta kafe a laka su tura suna dariya. Munzali bai sake jin daɗin siyasa kamar na wannan shekarar ba.

Jawabi ɗaya ya raba su. An kawo ƙuduri cewa duk wanda aka haifa a wuri ya zama ɗan wurin. Munzali ya miƙe ya ce sam, baƙo ko ya shekara ɗari sunansa baƙo. Aka yi masa tafi, rediyo ya yi ta maimaitawa. A shekarar ce Omolola, 'yar Folorunsho da aka haifa a Nassarawa, ta rasa gurbin karatun jinya don ba ta da takardar asali. Daina zuwa wurin Munzali kawai Folorunsho ya yi, yau shekara goma sha ɗaya. Shi kuwa gogan naka girman kai ya hana shi takawa, ko da yake abin na cin sa.

Da safe Munzali ya sa babbar riga ya tafi. Ya tarar da shagon wayam, kaya a ɗaure, Folorunsho ya yi furfura har gira.

"Onarabul," in ji Folorunsho, ya tura masa benci.

"Baban Omolola. An ce mani za ka tahi."

"Ɗiyata ta gina ɗaki. Tac ce in taho in huta."

Munzali ya so ya ce ya yi kuskure, amma bai yi kuskuren ra'ayi ba a ganinsa, asarar aboki kawai ya yi. Sai ya ce, "Ka tuna ranar da munka kahe a Ambursa?"

"Kai kaz zuba mu, kac ce ka san hanya."

Suka yi dariya har Munzali ya share ido. Mai keke-napep ya iso, aka loda kaya. Munzali ya miƙe yana gyara riga.

"Mu tahi in raka ka tasha."

Folorunsho ya dafa kafaɗarsa. "A'a, Alhaji. Baƙo aka yi ma rakiya. Nan nib binne matata, nan nih haihi ɗiyana. In ka raka ni, ka sake hwaɗin abin da kah hwaɗi. Zamna, kamar na tai kasuwa."

A tarbiyyar Munzali, barin mutum ya tafi ba rakiya abin kunya ne babba. Ƙafafunsa har sun fara takawa da kansu. Ya tsaya, ya dubi abokinsa, ya koma kan benci.

"To, sai ka dawo," in ji shi.

"Sai na dawo."

Keken ya sha kwana. Munzali na zaune a ƙofar rufaffen shago, hannuwansa bisa gwiwa, bai ko ɗaga su ba.