Odessa Tana So A Yi Mata Dariya

Shekara goma sha tara ina share dandamalin wata makarantar koyon wasan barkwanci a arewacin Chicago, a saman shagon masu sayar da katifa. Irin wasan da ake koyarwa a nan ba a rubuta shi. Mutum biyu ne za su hau, babu kaya, babu labari, sai kujeru biyu, su ƙirƙiro komai nan take. Idan ɗaya ya murɗa iska ya ce ƙofa ce, ta zama ƙofa. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya ɗaure kare a ƙafar kujera, wasa ya ƙare ya sauka bai kwance shi ba. Kwana uku ina kewaye wurin da tsintsiya.

Dokarsu ɗaya ce, kuma ba a taka ta: duk abin da abokin wasanka ya ce kai ne, to kai ne. In ya kira ka kawu, ka zama kawu. In ya ce wandonka ya kama da wuta, sai ka fara tsalle. Ba a cewa a'a.

Odessa Pruitt ta zo mana da farkon sanyi. Shekarunta hamsin da huɗu, direbar bas ce a kudancin gari, baƙar fata kamar ni. Makarantar tana ba da tallafi ga waɗanda ba a cika ganin irinsu a aji ba, wato baƙaƙen fata, da masu shekaru, da waɗanda kuɗin makarantar ya fi ƙarfinsu. Odessa ta haɗa duka ukun. Tallafin yana kai mutum aji uku kyauta. Aji na huɗu shi ne wanda ake fita gaban 'yan kallo na gaske, kuma ba a shigarsa sai an ci gwaji. Wanda ya faɗi, tallafinsa ya ƙare a nan.

Ranar farko a matakala ta same ni ina goge laka.

"Baba, nan ne ake koya wa mutane wauta?"

Na ce, "Nan ne, hawa na biyu."

"To ni da tawa na zo, takardar shaida kawai nake nema."

Tun daga ranar muka saba. Takan iso da wuri da rigar aikinta, ta ba ni gutsuren burodin masara, mu zauna kusa da bututun ɗumama ɗaki. A nan ta gaya mini abin da ya kawo ta.

"Baba Cleon, shekara talatin ina zaune a gaban mota fuska a ɗaure, ina ce wa mutane su matsa baya. A gida ni ce babba, a coci ni ake kira in tsawata wa mutane. So nake ko sau ɗaya in faɗi ƙasa warwas, mutum ɗari su yi mini dariya, in tashi in kakkaɓe riga."

A shekarar ne makarantar ta kawo wata mata ta yi wa ɗalibai horo na yini biyu. Ta ce kada wanda ya ƙara mayar da abokin wasansa baƙar fata ɓarawo, ko ɗan aikin gida, ko mashayi. Horon yana da dalili. Da idona na ga wani saurayi da aka yi ta mayarwa ɗan fashi mako bayan mako har ya daina zuwa. Amma 'yan ajin Odessa matasa ne fararen fata, masu kirki, kuma horon ya tsorata su.

Sai Odessa ta zama alƙaliya. Washegari ta zama babbar likita. Ta yi shugabar ƙasa sau huɗu, ta yi sarauniyar wata duniya da ke bayan rana. Su kuwa suna birgima a ƙasa, wannan ya zama jaki, wancan ya auri fitilar titi, ita tana tsaye a tsakiya tana yanke hukunci. Su ake yi wa dariya, ita kuma a tafa mata.

Wanda aka fi haɗa ta da shi wani dogo ne mai suna Dashiell Brandt. Wata rana ta tsare shi a bakin ƙofa, ina nan ina kwashe shara.

"Kai ɗan nan, me na yi maka? Jiya alƙaliya, yau shugabar asibiti."

"Anti Odessa, ai girmama ki nake yi."

"Girman ya ishe ni, har ya fara yi mini ciwon baya. Ka ce mini ɓarauniya mana."

Kunnuwansa suka yi ja. "Wallahi ba zan iya ba."

"To mahaukaciya."

"Ita ma wannan kalmar an hana mu."

"Oh ni Odessa! Saura me kenan, akuya?"

Ya ce bai tabbata ba ko akuya ta halatta.

Ta kai kuka wurin malaminsu, Tobin Varga. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, ya ce abin mai sauƙi ne: ta riga su buɗe baki. Wanda ya fara magana shi ke da wasan.

Ranar gwaji ta faɗo wata Asabar da rana, ƙanƙara ta rufe tagogi. Alƙalai uku suka zauna a layin gaba da takardu a cinya, cikinsu har da matar da ke kula da ofishin tallafi. Minti uku ake ba kowane mutum biyu. Na jingina tsintsiyata a bango na tsaya can baya. Aka kira Odessa da Dashiell.

Kafin ya ɗaga ƙafa ta riga ta faɗo dandamali a guje, a sunkuye, tana tangaɗi, ta rungume wani ƙaton abu a ƙarƙashin riga. Abin yana mutsu-mutsu, tana danne shi da haɓa, tana fitar da kukansa ta gefen baki.

"Rufe ƙofa! Rufe ƙofa, ɗan'uwa! Na sato talotalon fasto, kuma ina jin ya gane ni, ajinmu ɗaya a makarantar Lahadi!"

Ɗaya daga cikin alƙalan ya tuntsire da dariya har alƙalaminsa ya faɗi. Ni kam na ga talotalon nan sarai, har da ƙafarsa ɗaya da ta leƙo ta gefen riga, mai ƙaramin tabo.

Dashiell ya tsaya cak. Ya dubi Odessa, mace baƙar fata, a buge, da kayan sata a hannu. Ya dubi matar ofishin tallafi. Sai ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, Mai Shari'a! Ashe gwada mu kike yi, ki ga ko masu gadin kotu barci suke. Kawo shi nan, ga rigarki."

Ya zare talotalon daga hannunta, ya yafa mata rigar da babu ita. Na ga bakinta ya buɗe zai ce a'a, ya koma ya rufe. Doka doka ce.

Ta sake gwadawa. "To a shigo da talotalon, shi za mu fara yi wa shari'a."

"Ai na riga na mayar wa fasto, ranki ya daɗe. Ya ce a yi miki godiya."

A hankali ta miƙe tsaye, ta gyara rigar a kafaɗa. Sauran minti biyun ta yi su tana zaune a kujera tana yanke hukunci, shi kuwa ya zama mai gadin da ke tsoron inuwarsa, yana faɗuwa yana tashi. Shi aka yi wa dariya.

Ranar Talata aka manna sunaye a allo. Na Dashiell yana nan, nata babu. Tobin ya kira ta ofis, ƙofa a buɗe, ya karanta mata abin da alƙalai suka rubuta: tana da kwarjini, amma hali ɗaya take yi tun ajin farko, kuma ba ta sakin jiki.

Ta ce, "Ni ce ba na sakin jiki, Malam?"

"Na sani, Odessa, na sani. Za ki iya maimaita aji na uku. Sai dai tallafin ba a ba mutum sau biyu."

"Ka san ba ni da kuɗin."

Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti idan sun zauna da bazara.

A matakala Dashiell ya tare ta, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce tsoro ya ji, kada alƙalai su ɗauka shi ya bar ta ta zama ɓarauniya. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya je, ya makara aji.

Muka rage mu biyu. Ta ajiye jakarta a kan matakala.

"Baba Cleon, kai dai ba wanda ya yi maka horo. Mu yi ɗaya a nan, ba kowa. Kai za ka fara. Gaya mini, ni wace ce?"

Abubuwa sun cika mini kai. Na so in ce ita ce matar da ta haɗiye ƙararrawar coci, duk ta yi tari sai gari ya taru. Na so in ce ita ce ta kai kifi asibiti don ya ƙi magana. Amma na dube ta, ga furfura, ga rigar aiki, ga tsayuwa irin ta yayata da ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Na ce, "Haba Yaya, ai ke babba ce."

Ta jira ko akwai saura. Babu.

Ta ce, "To, na ji." Ta ɗauki jakarta, ta ɓalla maɓallan rigar sanyi har wuya, ta ce motar ƙarfe huɗu tana jiranta. Ban sake ganinta a makarantar ba, kuma bas ɗinta ba ta biyowa ta unguwarmu.