Ajiyar Mai Firji

"A hankali, ba buhun siminti ba ne!" Mai Firji yake yi wa masu sauke kaya tsawa, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗaya yana nuna ƙofar sabon gidansa. Ina tsaye bakin ƙofata ina kallon abin da ake fiddowa daga bayan motar: farin soso mai faɗin ƙyaure, da naɗe-naɗen wata auduga rawaya cikin leda.

"Maƙwabci, katifa za ka koma sayarwa?" na ce.

"Cikin bango za su."

"Cikin me?"

"Bango, Direba. Ko tsufan ya kai kunne?"

Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya da mutumin nan. Gyaran firji ne sana'arsa tun yana saurayi, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa. Da ya fara gini a filin da ke jikin tsohon gidansa kowa ya yi masa murna, don ɗakunan da suke ciki da rana tanda ne, matarsa kuma tana da ciwon numfashi da zafi ke tayarwa. Sai dai ginin nasa ba irin na mutane ba ne. Bulo layi biyu ya sa aka jera, da rata a tsakani wadda hannu zai shige. Silin ma biyu. Birkilan ya yi ta gunaguni, yana cewa tunda yake bai taɓa gina gida a cikin gida ba.

Ni ban yi boko ba, amma na yi shekara talatin da uku a kan babbar mota, na ƙetare iyakoki da ba zan iya lissafawa ba. Abin da hanya ta koya mini shi ne, duk motar da ka ga an yi wa bodi biyu, to akwai abin da mai ita ba ya so a gani. Na ga yadda ma'aikatan kan iyaka suke bin jikin mota da ƙwanƙwasa, kunne a manne, har su tsaya wuri ɗaya su ce a kawo guduma.

Ya yi mini bayani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya jawo ni shagonsa ya nuna mini wani mataccen firji da ya farke wa ciki.

"Ka ga wannan soson? Shi ne firjin, ba injin ba. Inji sanyi yake kawowa, wannan ke hana shi gudu. Gida ma haka. In ka toshe wa zafi hanya, fanka ɗaya ta ishe ka, mita ta huta, ko an ɗauke wuta ba ruwanka."

"Wato cikin firji za ka saka baiwar Allah."

"Kai dai da bakinka za a binne ka."

Na yi dariya, amma ban yarda ba. Me ya sa ranar cusa soson ya sallami leburori, ya rage daga shi sai birkila? Me ya sa yake kulle ƙofa? Ya ce audugar ƙaiƙayi gare ta, ba ya son 'ya'yan mutane su shaƙa. Na ce to.

Da na bar zancen a cikina da ba a yi komai ba. Amma wata rana babban ɗansa, wanda ke da shagon ɗinki a bakin titi, ya zo rage mini wando, hira ta yi daɗi, na ba shi labarin motoci masu bodi biyu. Na ƙara da cewa, "Ni dai ban ce komai ba, amma tsohonka ba yaro ba ne." Tela ya tsaya da awo, ya dube ni.

An gama filasta da kwana tara ciwo ya kayar da Mai Firji. Ashe ya daɗe da sanin zuciyarsa ta gaji, likita ya hana shi hawa tsani, shi kuwa kullum yana cikin silin yana shimfiɗa auduga. Asibiti suka riƙe shi kwana uku suka sallamo shi. A tsohon ɗakin aka kwantar da shi, don fenti bai bushe a sabon ba.

Ranar da zai cika na shiga wajensa bayan azahar. Kwanon rufi sai ƙara yake don zafi. Matarsa na gefen gado tana yi masa fifita da murfin kwali, ita kanta numfashinta na fita da ƙyar. Tela na tsaye bakin ƙofa. Mai Firji ya yafito ni, ya lalubo makulli ƙarƙashin matashi ya danƙa mini.

"Ka riƙa buɗe tagogi da asuba, fentin ya sha iska. Da hantsi ka rufe." Ya huta. "Direba, bangon nan amana. Ajiyarta ce a ciki. Kada ka bari a taɓa."

Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na Tela.

"Ka sha ruwa, Malam," in ji matar.

"Ke ki sha. Ke ce kike huci kamar tsohuwar kwamfaresar firji."

Ta yi murmushi tana share ido da gefen mayafi. Kafin la'asar ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan da ya gina ba.

Bayan mako biyu aka mayar da matar sabon ɗakin. Washegari da rana tsaka na ji bugu, dum, dum, can ƙasa-ƙasa kamar daga wata unguwa. Na saka takalmi na shiga. Tela ne a ɗakin uwarsa da guduma, ya janye gado gefe, ita tana zaune kan tabarma ta haɗa kai da gwiwa.

"Kawu, gara da ka zo. Kai ne shaida. Da kunnenka ka ji ya ce ajiya."

Nan ne ya kamata in riƙe hannunsa. Ban riƙe ba. Ni ma so nake in gani.

Bulo ya fashe, Tela ya zura hannu har gwiwa. Ya jawo soso, ya jawo auduga, ya sake zurawa har kafaɗa yana lalube sama da ƙasa. Babu komai sai ƙura. Ya miƙe yana susar hannu, fatar ta yi ja, ya juya yana auna bangon gabas da ido.

"Wataƙila a wancan ne."

"Me kake nema ne wai?" uwar ta ce, ba ta ɗago ba.

"Abin da Baba ya ajiye miki, Umma. Haƙƙinki ne, kada ya ruɓe a bango."

"Ga shi nan kana watsarwa a ƙasa." Ta ja numfashi. "Cewa ya yi zai kama mini sanyin asuba ya ajiye, ya kai ni har magariba. Kullum haka yake faɗa, ajiyarki, ajiyarki. Shekara nawa yana ji ina fama."

Sai a lokacin na lura da ɗakin. Rana na tsakiyar ka, an ɗauke wuta tun safe, fanka a tsaye, amma ban yi gumi ba. Ta wajen ramin kawai nake jin wani ɗumi yana shigowa yana taɓa mini ƙafa.

Tela ya ɗaga guduma ya nufi bangon gabas. Na sha gabansa.

"Ajiye, ɗana. Babu komai a ciki."

"Ka san haka ne, ko faɗa kake?"

"Na sani. Kwana goma sha huɗu makulli na hannuna. Babu bangon da ban bi da ƙwanƙwasa ba, taku-taku, kunne a manne. Har silin na hau da tsufana. Duk sautinsu ɗaya."

Kunya ta sa ban dubi inda uwar take ba. Tela ya sauke gudumar a hankali. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da na sha yi wa mutane.

"Kwana goma sha huɗu," ya ce. "Kai kaɗai."

"Ni kaɗai."

"Har silin."

Ya kaɗa kai, ya saɓa gudumarsa ya fita. Tun daga ranar, gaisuwarmu daga nesa ce, kuma na ji an ce yana tambayar mutane ko na yi wata sabuwar sayayya. Ban ga laifinsa ba. Wa ya koya masa?

Da kaina na nemo birkilan. Ya ga ramin ya riƙe baki, ya ce, "Mutumin da ya sa na warware layi uku saboda ratar ta matse da yatsa ɗaya!" Na durƙusa na tsince soson da audugar, na mayar da su yadda ya nuna mini, ba a dannawa, ba a barin kafa. Hannuna ya kwana biyu yana ƙaiƙayi.

Da ya gama shafe wurin ya tafi wanke cokalinsa na gini, na juyo zan yi wa uwar Tela sallama. Ta jingina da bango, mayafi ya zamo kafaɗa, barci ya ɗauke ta, numfashinta na tafiya sumul ba ƙara. Na tsaya da takalmina a hannu. Kusa da kanta sabon simintin yana nan ɗanye, baƙi-baƙi a jikin farin fenti, ya fara bushewa daga gefe.