Noti na Ashirin da Bakwai

A kan teburin ƙarfe da ke ɗakin inji an shimfiɗa wani kwali mai huda ashirin da shida, kowace huda da dogon noti baƙi a soke cikinta. Baba Maikwali ya bi su da ɗan yatsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sun cika cif. Cikar tasu kuwa ita ce ta hana shi sakat tun da safe.

Daga irin wannan kwalin ya samo sunansa. Shekara arba'in yana gyaran manyan injunan gas, bai taɓa kwance noti ya jefa a gwangwani ba. Sai ya zana siffar inji a kwali, ya huda, kowane noti ya soke shi daidai inda ya fito, domin ya koma raminsa. Mutane suna cewa ƙarfe bai taɓa lalacewa a hannunsa ba. Shi bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, amma bai taɓa musawa ba.

Injin na yau shi ne mai tura wa unguwanni ruwan famfo. Kwana biyu ke nan yana haɗa ruwa da baƙin mai, yana fitar da farin hayaƙi, alamar gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Ba makawa sai an ɗaga kan injin, wato ƙaton murfin ƙarfen da ya rufe fistin shida, wanda ƙarti huɗu ba sa iya cicciɓarsa. Aikin yana hannun ɗansa na fari, wanda kowa ke kira Injiniya. Tun bara da ciwo ya taɓa wa tsohon ɓarin hagu, nasa sai zama a kan benci da kallo.

Ba shi da abin kushewa a aikin ɗan. An bar inji ya huce tun jiya. An cire kan batir, an zubar da ruwan lagireto, an kwance bututun mai da na hayaƙi, an toshe bakin kowanne da tsumma mai tsabta. Injiniya ya sassauta noti daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, don kada ƙarfe ya karkace. Littafin kamfanin da ya ƙera injin ya ce ashirin da shida ne, ga su kuwa a kwali.

Amma akwai na ashirin da bakwai, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san da shi.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, Baba Maikwali ne ya buɗe wannan inji, shi kaɗai. Wajen mayarwa ya matse notin kusurwar baya fiye da ƙima, sai ya ji wata 'yar ƙara, ƙas. Kunnen ƙarfen ya tsage. Bai gaya wa kowa ba. Ya yanko ɗan faifan ƙarfe mai kauri, ya ɗaure kan injin da gangar jikinsa ta can baya, ɓangaren da ke fuskantar bango, ya shafe da fenti. Ƙura da maiƙo suka ƙarasa masa ɓoyon. Yanzu idan aka ja sarƙa, gaba zai tashi, baya ya riƙe, har sai wani abu ya ɓalle.

Tun a hanya yake son ya faɗa. Sau uku yana buɗe baki, sau uku maganar tana komawa ciki. Wannan ɗan da ya horar da cewa mai gyara ba ya ɓoye ɓarna, da wane ido zai dube shi?

Wayar Injiniya ta yi ƙara. Ya duba, ya yi tsaki.

"Shugaban wurin ne kuma. Dogo, zo mu ɗauko katakon da za mu ɗora kan, in ji da shi a hanya. Baba, kada ka taɓa komai, don Allah."

"Me zan taɓa, Babana? Ni da hannu ɗaya?"

Sunan kakansa aka sa wa Injiniya, shi ya sa tsohon bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Babana. Dogo kuwa shi ne mai kula da injin, mutum mai furfura a gemu da surutu a baki.

Suna fita, tsohon ya miƙe. Ya zaɓi sifana, ya raɓa ta tsakanin inji da bango, inda da ƙyar kafaɗa ke shiga. Ya lalubi wurin da yatsu, ya kankare daskararren maiƙo da farce, har ya ji kan notin. Yana nan inda ya bar shi. Idan ya kwance shi ya sa a aljihu, faifan zai saki, magana ta mutu.

Wurin na hannun hagu ne. Ya ɗora sifana da dama, ya kama hannun hagun ya aza a kai kamar mai aza kayan wani, ya danna da dukan ƙarfinsa. Notin ko gezau. Ya sake dannawa. Yatsun suka buɗe da kansu, sifana ta suɓuce, ta faɗa kwatar da ke ƙarƙashin inji, ta nutse cikin baƙin ruwa.

Da ƙyar ya kai benci kafin su shigo, kowanne da guntun katako a kafaɗa.

"Baba Maikwali, wannan gumi fa?" in ji Dogo. "Mu ke ɗaukar kaya, kai ke jiƙewa. Ko kallon ma aiki ne?"

"Zafin ɗakin ne."

Injiniya bai kula ba. Ya jera katako a ƙasa, ya ɗaura ƙugiya biyu a kan injin, ɗaya gaba ɗaya baya, ya haɗa su da sarƙar ɗaga kaya da ke rataye a ƙarfen rufi. Ya jijjiga kowace ƙugiya, ya ja da baya ya duba ko sarƙar ta tsaya a tsakiya.

"Babana, da ka ɗan dakata."

"Me ya rage, Baba?"

"A sake zagaya injin. A duba ko'ina."

"Na zagaya sau biyu. Ga littafi, ga kwalinka, duka sun ce ashirin da shida. Ka leƙa waje ka ga layin jarkoki, ya kai bakin titi. Shugaba ya ce kafin la'asar yake son jin ƙarar inji."

"Gaggawa ba ta..."

"Ba gaggawa nake ba. Yadda ka koya mini nake yi. Dogo, ja a hankali."

Dogo ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama siririyar sarƙar ja. Ƙarar haƙoranta ta cika ɗakin, ƙat, ƙat, ƙat. Babbar sarƙar ta miƙe, ta yi tauri. Sai gaban murfin ya rabu da gangar jiki, wata baƙar tsaga ta buɗe, faɗin yatsa guda. Baya bai motsa ba.

"Tsaya," in ji Injiniya. "Gasket ne ya manne."

Ya ɗauki gudumar katako ya bubbuga gefen baya. Shiru. Ya ce a ƙara ɗaya. Ƙat. Tsagar gaba ta kai yatsa biyu, murfin ya karkata, ƙugiyar gaba ta ɗan zame a mazauninta.

"Injiniya, abin nan ya yi nauyi fa," in ji Dogo, dariyar ta bar muryarsa. "Kamar ginin gaba ɗaya nake ja."

"Sama da shekara ashirin ba a buɗe ba, dole ya yi gardama."

Baba Maikwali ya kafa wa bayan injin ido. Yana gaya wa kansa cewa wataƙila faifan ya ruɓe, zai saki da kansa, ba wanda zai lura. Yana cikin wannan tunani ya ga ɗansa ya ajiye guduma, ya durƙusa, ya karkata kai yana leƙen tsagar. Haske bai isa ciki ba. Sai Injiniya ya yi abin da aka hana shi tun ranar da ya fara riƙe sifana: ya zura yatsu huɗu cikin tsagar, yana laluben inda ya manne.

"Dogo, ƙara rabi."

Daga bayan injin wata siririyar ƙara ta fito, irin ta ƙarfen da ya kusa gajiya. Tsohon ya san ta. Sau ɗaya ya taɓa jin irinta a wannan ɗakin.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya kira ɗansa da sunansa na yanka, sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba, da muryar da ta sa Dogo ya daskare riƙe da sarƙa.

"Fitar da hannunka! Fitar da shi yanzu!"

Injiniya ya fizge hannu, ya dubi mahaifinsa baki buɗe.

"Dogo, kada ka saki, kada ka ƙara. Sauke shi, haƙori ɗaya-ɗaya. Kai kuma matsa daga nan."

Ƙat. Ƙat. Tsagar ta rufe a hankali, har murfin ya zauna. Sarƙa ta yi sako-sako. Ba a jin komai sai numfashin mutum uku da hayaniyar masu jarkoki daga nesa.

"Akwai saura ɗaya," in ji tsohon. Bai dubi kowa ba. "A kusurwar baya, wajen bango. Ba ya cikin littafi. Ni na sa shi. Na tsaga kunnen ƙarfen, na ɗaure da faifai, na shafe da fenti. Kana aji uku a lokacin."

Injiniya ya ɗauki tocila ya raɓa bayan injin. Ya daɗe a can. Ya ga sabon sawun farce a maiƙon da ke kan notin. Da ya fito, sai ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcen mahaifinsa, sa'an nan ya dubi yatsunsa huɗu, ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

"Faifan ya lanƙwashe," ya ce. "Notin ya tsage har rabi."

Dogo ya share goshi da hula. "Ikon Allah. Ashe Baba Maikwali ma..."

"Miƙo mini man sassauta tsatsa, Dogo."

Sai da aka yi kusan rabin awa kafin notin ya yarda ya fito. Da aka sake jan sarƙa, murfin ya tashi sumul, gaba da baya a tare. Ba wanda ya kai hannu ƙarƙashinsa. Da igiya suka janyo shi gefe, suka sauke shi a kan katako. Injiniya ya tsuguna wajen tsohuwar tsagar, ya goge ta da tsumma, ya daɗe yana dubawa. Ba ta ƙaru ba ko da faɗin gashi.

Tsohon ya koma benci, yana jiran maganar da ya san ya cancanta. Ɗan ya zo ya tsaya a gaban tebur, lanƙwasasshen noti a hannu ɗaya, ƙusa a ɗayan. Ya juya kwalin har kusurwar baya ta fuskanci mahaifinsa, ya danne gefensa da tafin hannu don kada ya zame, ya miƙa masa ƙusar.

"Daidai ina ne, Baba?"

Baba Maikwali ya karɓa da hannun dama. Sai da ya soka sau biyu kafin kwalin ya huje. Injiniya ya zura notin a sabuwar hudar. Ya fi sauran gajarta, kuma ya ƙi tsayawa daidai.

"Sifana mai lamba goma sha tara tana cikin kwata," in ji tsohon a hankali.

"Na sani," in ji Injiniya. "Na ga babu ita tun da muka shigo."