Kwafin Gwaji a Injin Shinkafa

Auta ta sake leƙa ƙaramar fitilar da ke gefen injin. Tana nan kore. Shinkafa na kwarara ta gaban kyamara, iska na fisgar tsakuwa tana jefawa cikin bokiti, tas, tas. Baƙin da za su sayi injin ba su iso ba tukuna.

A cikin injin akwai wani baƙin guntu da bai fi farce ba, irin wanda ake sayowa wayam, sai mai zane ya tsara masa hanyoyin wuta. Zanen da ke bambance tsakuwa da ƙwaya nata ne. Shekaru ta yi a kansa a ƙuryar ɗakin Inna, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Da shi take sa ran cin abinci: kowace masana'anta ta ɗauki lasisi ta sa a injinta, zanen kuma yana nan nata. Kamar kowa a sana'ar, kwafin gwaji take bayarwa kafin a sa hannu. Yakan yi aiki na 'yan sa'o'i, sai ya ɗauke cak. Mabuɗin da ke cire wannan iyaka yana cikin filashi, ɗan ma'ajin bayanan kwamfuta, a jakarta, kuma duk wanda ya same shi zai iya zuba zanen a injin dubu ba tare da ya sake gaishe ta ba.

Tun safe aka kunna injin don a daidaita shi, in aka kashe kuma sai an faro daidaitawa daga farko. Baƙi sun makara. Lokacin gwajin na ta zurarewa.

Manajan masana'antar da ke ƙera injin ya zo yana murmushin nan nasa mai yawan haƙora.

"Injiniya, yau dai ki rufa mana asiri. Ba mu mabuɗin, takardar yarjejeniya ai lauya na dubawa. Mu da muke da yayanki a nan, ina mu ina cutarki?"

Wannan lauya ya daɗe yana dubawa, har Auta ta fara shakkar ko an haife shi. Ta ce bari ta yi tunani.

Yayanta ne shugaban masu haɗa injin, shi ya kawo ta nan. Shi ne kuma ya koya mata riƙe ƙarfen liƙa waya tun tana ƙona yatsu. Ya same ta bayan buhuna tana cizon leɓe.

"Auta, kawo."

"Yaya, ba su sa hannu ba."

"Na sani."

"In na ba su, shi ke nan fa. In ban bayar ba kuma injin ya mutu a gaban baƙi, kai za su kora."

"Na ce ki kawo. Ko sai na kira miki Inna?"

Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba. Ta tuna 'ya'yansa, da matarsa mai tsohon ciki. Tsoro ya kama ta sosai, har ta rasa wanda ta fi ji, na zanenta ko na aikinsa. Ta zaro filashin ta miƙa masa. Manaja na hangen su daga nesa, ya gyaɗa kai, ya juya tarbar baƙi.

Baƙin su uku ne, babbarsu wata mace mai tabarau da ba ta yawan magana. Ta ɗebi shinkafa ta baza a tafin hannu, ta leƙa bokitin tsakuwa. Manaja sai zuba yake: fasaharmu, zanenmu, injiniyoyinmu. Duk lokacin da ya ce "zanenmu" Auta sai ta kau da kai. Ta daina kallon fitilar, tunda yanzu ba za ta mutu ba.

Sai ƙarar ta ɗauke. Fitila ta koma ja, shinkafa ta tsaya a maƙogwaron injin.

"Matsalar wuta ce," in ji Manaja da sauri.

"Wuta lafiya lau," in ji Yaya. "Kwafin gwaji ne, lokacinsa ya cika. Ga mai zanen can. Ba a sa mata hannu ba tukuna."

Mai tabarau ta dubi Manaja, ta dubi Auta.

"Mu ba ma sayen injin da lasisinsa bai kammala ba," ta ce. "In kun daidaita da ita, ku neme mu."

Manaja ya raka su mota. Da zai wuce ya ce wa Yaya, ba tare da ya kalle shi ba, ya same shi a ofis.

Yaya ya zo ya damƙa mata filashin. Ya yi ɗumi da zaman aljihu.

"Ban sa ba. Tun jiya Manaja ya ce in na samu in kwafe masa."

"To me ya sa ka karɓa?"

"Na san ki. Da yana jakarki, da fitilar ta mutu da gudu za ki kai masa saboda ni."

"Aikinka fa, Yaya?"

Ya cire safar hannunsa, ya ninke ta, ya ajiye a kan buhu.

"Ki jira ni a bakin ƙofa. Kuma kada ki gaya wa Inna sai ta ci abinci."