Ragar Bandar Bappa

Duk matan da ke bandar kifi a bakin ruwan Wara, babu mai raga irin ta Halimatu. Ba don kyau ba, ai ko kusa. Baƙa ce ƙirin, hayaƙi da man kifi na shekara ashirin sun daskare a jikin wayar. Mijinta Bappa ne ya saƙa ta da hannunsa. Shekara huɗu ke nan da ruwa ya ci shi, ko hularsa ba a tsinta ba. Ba ta da kabarin da za ta nuna.

Rigunansa an raba wa 'yan'uwa, jirginsa ya tafi tare da shi. Ragar ce ta rage, kuma ƙamshinta sak na Bappa in ya taso daga gindin murhu. Kullum da safe kafin ta jera kifi sai Halimatu ta sunkuya kamar mai gyara itace, ta shaƙa. Mata sun gane, amma ba mai tankawa. Kewarsa take yi, kewa mai tsanani.

Ran nan sai ga maƙwabcinta Cindo maharbi, wanda ba Musulmi ba ne, ya zo aro. Mutumin kirki ne, yana cikin waɗanda suka yi kwana uku a kan ruwa suna neman Bappa.

"Banda zan yi, tawa ragar ta ɓalle," in ji shi.

To, a bakin ruwa in an ce banda, kifi ake nufi. Wa zai tsaya tambaya? Ta miƙa masa.

Washegari ya maido ta tana ta ƙyalli da maiƙo. Halimatu ta shinshina, ta ji ba warin kifi ba ne.

"Cindo, wane irin kifi ne wanga?"

"Wane kifi? Gyado na harbo, ga kitse ba magana."

Gyado, aladen daji. Da ya ga yadda fuskarta ta canza sai ya dafe kai. Shi a ganinsa waya ba ta cin nama, balle ta ɗauki laifi. Ya yi ta ba da haƙuri har ya ba ta tausayi.

Ga kwando biyu na tarwaɗa suna jiran wuta, ga fataken Yelwa za su zo jibi, mutanen da ke sayen kifinta ba tare da sun tambayi komi ba. Ta ɗauki ragar ta nufi wajen Malam Anas, limamin unguwa.

"Ba sai kin yar ba," in ji malamin. "Ki wanke ta sarai, har maiƙo da wari su fita."

"Na saman kaɗai, Malam?"

Ya juya ragar, ya kankare baƙin da farce. Kitsen ya narke ya shige har ciki.

"Kin gani da idonki. Sai kin kai ga waya."

A hanya zuciyarta ta yi ta raya mata ta ɗauraye sama-sama kawai, wa zai sani? Sai ta tuna Bappa, mutumin da ko wuƙar aro ba ya yanka da ita sai ya ji abin da ta taɓa.

Ta shiga ruwa iya gwiwa da yashi da toka da soson ƙarfe. Tun hantsi take dirza har la'asar. Baƙin yana ɓarewa, ruwa yana tafiya da shi can inda ya kai Bappa. Wata daga cikin matan ta taso za ta kama mata, Halimatu ta girgiza kai.

Ragar ta fito fes, har murɗin da Bappa ya yi wa kowace waya ana gani. Halimatu ta ɗora ta a kan murhu, ta sunkuya kamar kullum ta shaƙa. Yashi ta ji, da toka.

Ta sake shaƙa. Sannan ta jawo kwando, ta fara jera tarwaɗa.